Wayar da Ya Je Nema Yola

Ina tsaye a gaban teburinsa, yatsana a kan maɓallin allon kallo, aka yi sallama a zaure. Ranar Alhamis ce bayan azahar. Hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, an ɗauke wuta, shi ya sa na shiga ɗakin. Akwatin ajiyar wuta da ke ƙarƙashin teburin yana ta kukansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Na danna maɓallin, allon ya yi duhu, na fito ina gyara mayafi.

Hamma ne, yayan maigidana, tare da wani mutum daga tashar mota. Hamma bai taɓa zuwa gidanmu na Yelwa da rana tsaka ba, bai kuma taɓa tsayawa a zaure yana jiran izini ba. Bai dube ni ba. Ya ce, "Amarya, koma ciki ki zauna." Shekara shida da aurena, amma amarya yake ce mini.

Na ce, "Hamma, a nan ma ina ji."

Mutumin tashar ne ya faɗa, kansa a ƙasa. Motar da ta taso daga Yola da safe ta yi karo da babbar mota bayan Numan. Maigidana yana gaba, kusa da direba. Gawar tana hanya.

Na yi salati, na dafa bango. Abin da na daɗe ina jin kunyarsa shi ne, a lokacin nan ma kunnena yana kan kukan akwatin, ina ƙirga tazarar da ke tsakanin kuka da kuka.

Shekara bakwai ke nan da aka ba mu jiha. Maigidana ma'aikaci ne a sashen kula da dabbobi, ni kuma ina koyar da 'yan aji uku a firamare. Kwamfutarsa ƙarama ce, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka, wani injiniyan rijiyoyin burtsatse ne ya bar masa ita da aikinsu ya ƙare. Bai yi wata biyu da ita ba ta zame daga bayan babur a hanyar Abbare. Gilashinta ya tsage, wani baƙi ya malale a ciki kamar an zubar da tawada. Na ɗauka ta mutu ke nan. Shi kuwa ya kara kunnensa a jikinta, ya yi murmushi, ya ce tana numfashi.

Daga nan ya fara tara mata kaya. Ya samo babban allon kallo a gwanjon tsofaffin kayan ofis, mai ƙeya kamar talabijin, mutum biyu suka shigo da shi. Ya samo allon rubutu mai ƙara kamar tafireta, da ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur. Ya sa kafinta a bayan Kasuwar Jalingo ya yi masa tebur mai hawa biyu, ya ɗora ƙaramar a hawan ƙasa, a kan katako biyu don iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta. Batirinta ya riga ya mutu, da an ɗauke wuta take ɗaukewa, don haka ya kawo akwatin ajiyar wutar nan, ya haɗa masa batirin babbar mota. Abin da a da ake ratayawa a kafaɗa ya koma ya cinye rabin ɗakin gaba, wayoyi sun fito ta bayansa kamar saiwar rogo.

Na ce masa, "Malam, ka sayi akuya ka gina mata garken shanu."

Ya ce, "Malama, ke dai ki zo in nuna miki wani abu."

Ya kama yatsana ya ɗora a kan maɓallin babban allon. "Wannan fuska ce kawai. Ki kashe ta, ki kunna ta, babu abin da zai faru. Ran yana cikin ƙaramar. In an ɗauke wuta ba na nan, ki kashe fuskar, don ita ce mai cin batir. Amma akwatin ƙasa, ko kuka yake har ya dame ki, kar ki taɓa jan maɓallinsa." Ranar da na fara yi ni kaɗai, ya dawo ya tarar, ya sa mini suna Injiniya. Har a gaban mutane yakan kira ni haka.

Duk wannan ɗawainiyar saboda Baffa ce, ƙanen mahaifinsa, wanda shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda aka haifa a ruga kafin danginsu su zauna a gari. Kowace Asabar da hantsi maigidana yakan ɗauko shi a babur. Baffa ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafa, in kawo masa kunu, ya yi ta magana da Fulatanci, maigidana yana bugawa kai tsaye. Sunayen kakanni, wa ya haifi wa, mashigan da suka ƙetare Binuwai, shekarar da ciwo ya ci shanu, sunayen shanun da zuriyarsu. Ni Bahausa ce, iyayena fatake ne, Fulatancina na gaisuwa ne da cefane. Nakan tsinci kalma ɗaya in rasa biyar.

Baffa bai yarda da na'urar ba da farko. Yakan nuna mai wutsiyar da sandarsa ya ce, da Hausarsa mai nauyi, "Wannan ɓeran ba ya cin maganata?" Maigidana ya ce ba ya ci. "To karanto mini abin da na ce makon jiya." In an karanto, sai ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ce, "Ƙarya ne, ba ja ba ce, fara ce saniyar." Su yi ta musu, ina jin dariyarsu daga madafa. Babu littafi, babu kaset. Na taɓa cewa a riƙa rubutawa a takarda ma, ya ce ai in sun gama zai buga duka, kowane gida a ba shi nasa, har 'yarmu a ajiye mata.

Da farkon damina ɓarin jikin Baffa ya shanye. Ya rayu, yana gane kowa, amma harshe ya ƙi. Sai wani sauti yake fitowa daga maƙogwaronsa, ya yi ta yi har ya gaji, hawaye su zubo ta ido ɗaya.

A cikin watan nan ne ƙaramar ta fara wani ƙas, ƙas daga cikinta, kamar ana taɓa faranti da farce. Maigidana ya ce faifan da take ajiye rubutu ne ya fara gajiya. Wata rana ya kashe ta kamar kullum, washegari ta ƙi tashi. Kwana biyu yana dannawa, sai ƙas, ƙas, da wani farin rubutu a kan baƙi. Ban taɓa ganin ya tura abinci gefe ba sai a kwanakin nan. A rana ta uku ta tashi da kanta. Ya yi sujada a kan simintin ɗakin. Ya ce, "Daga yau ba za a sake kashe ta ba sai na fitar da abin da ke ciki."

Ramin da ake sa mata ƙananan faifai ya daɗe da lalacewa, don haka hanya ɗaya ta rage, takarda. Yana da firinta, tsohuwa, mai ihu kamar injin markaɗe, wata abokiyar aikinsa ce ta ara masa. Wayar da za ta haɗa su ce babu, mai faɗin baki da haƙora da yawa. Ya zagaye kasuwa, masu kayan rediyo suna miƙo masa wayar eriya. Aka ce sai Yola. Ya tafi ranar Laraba, ya ce Alhamis kafin azahar yana gida. A bakin zaure ya juyo ya ce, "Injiniya, amanarki." Kwana goma sha tara ke nan ba a kashe ta ba.

An rufe shi bayan la'asar, ana yayyafi. Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ita ta zaunar da ni a ɗakina, ta cire mini 'yan kunne da awarwaro, ta ɗaura mini niyyar takaba. Mace ce mai tausayi da tsari. Ta ce daga yau nan ne wurina, masu gaisuwa su same ni a zaune.

Da safiyar Juma'a, kafin mutane su fara shigowa, na ce zan zaga bayi, na ratsa tsakar gida na shiga ɗakin gaba. Wuta ta dawo tun jiya. Ƙaramar tana hucinta a hankali, ɗan koren haskenta yana nan. Ban yi niyyar kunna fuskar ba, hannuna ne ya je. Rubutunsa ya fito, fari tas, a daidai inda ya bar shi. A ƙasa an nuna shafi na ɗari da goma sha huɗu. Yana gyara wurin da kakanninsu suka iso bakin kogi da garke, wata farar saniya ta ƙi shiga ruwa, sauran duka suka tsaya a bayanta. Ɗan sandan nan da ke nuna inda za a ci gaba da rubutu yana ta ƙiftawa.

"La'ilaha illallahu! Talabijin?"

Goggo ce a bakin ƙofa. "'Yar nan, jiya aka kai mijinki. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. In wata ta shigo ta gan ki fa? Kashe. Kashe duka. Ko rediyo ba a kunnawa a gidan nan sai an yi bakwai."

Na danna maɓallin, fuskar ta yi duhu. Ta ce, "Ya mutu?" Na ce, "E, Goggo." Ta kwance wani zane daga ƙullinta ta lulluɓe teburin har ƙasa. Da ta juya, na ɗage gefen zanen kaɗan ta baya don ƙaramar ta sha iska.

A nan na yi kuskurena. Da na zaunar da ita na yi mata bayani, ko na aika a kira mini Hamma. Amma na dubi kaina, mace kwana ɗaya da rasa miji, tana maganar wayoyi da batir. Na ji nauyi. Na ce a raina kwana biyu ne, zan lallaɓa a ɓoye.

Bayan sallar Juma'a 'yan tasha suka kawo jakarsa. Hamma ya miƙo ta ciki. Akwai rigarsa ta canji, da goron da ya saya wa Baffa, da kilishi a takarda. A can ƙasa ga wayar, a naɗe cikin farar leda, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Na tura ta ƙarƙashin filo.

Da yamma matan ofishinsu suka zo gaisuwa. A cikinsu akwai mai firintar, wadda kowa ke kira Madam, Bajukuna ce, Kirista, ita ke buga takardun sashensu. Ta durƙusa a gabana tana kuka fiye da ni. Na riƙe hannunta, na jawo ta kusa kamar mai karɓar gaisuwa, na raɗa mata abin da ake ciki. Ta share ido nan take.

"Yana kunne har yanzu?"

Na ce yana kunne.

"Waya ya zo?"

Na ɗaga gefen filon ta gani.

"Maman bebi, kar ka bari kowa ya taɓa shi. Yanzu maza sun cika wurin, ba zan iya shiga ba. Gobe babu ofis. In an gama addu'a mutane sun ragu, zan zo da takarda da ribon na tawada. Awa biyu, mun gama. Oga ya sha wahala a kan abin nan, ba zai tafi a banza ba."

Asabar ce ranar sadakar uku. Tun da sassafe aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi har cikin zaure. Malamai da dattawa aka sa su a ɗakin gaba, don ya fi kusa da ƙofa. An ɗauko Baffa ma, aka jingina shi da bango a wurin da ya saba zama. Ni ina ɗakina, mata sun cika shi har bakin ƙofa, Goggo a damana, mahaifiyata a haguna. Gari ya yi zafi irin na kafin ruwa, babu iska ko kaɗan.

An fara karatu ba da daɗewa ba na ji kukan akwatin.

Na ce a raina an ɗauke wuta, ba komai, fuskar a kashe take, batirin zai kai yamma. Sai na ɗaga kai. Fankar ɗakina tana juyawa.

Na daɗe ina kallonta. In akwai wuta, akwatin ba ya kuka sai in an zare shi daga bango. Soket ɗaya ne a ɗakin gaba. Na tuna da safe na ji Hamma yana cewa a aro fankar tsaye daga maƙwabta saboda malamai.

Na yunƙura. Goggo ta dafa gwiwata. "Ina za ki?"

"Goggo, akwai abin da zan duba a ɗakin gaba."

"Cikin maza? Ana karatu? Zauna, 'yar nan. Munyal, haƙuri."

"To a kira mini Hamma."

"A shafa fatiha tukuna. Me ya fi wannan?"

Wata mata ta shigo ta durƙusa, ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Wata ta biyo ta. Ina amsawa, bakina yana aikinsa, kunnena yana can ƙetaren tsakar gida. Kuka, shiru, kuka. Yana ratsa muryoyin masu karatu, siriri, ba ya gajiya. Na lallashi kaina cewa ko an zare shi, batirin zai riƙe har azahar, Madam za ta zo. Ba batirin nake tsoro ba. Na san yadda kukan nan yake damun wanda bai saba da shi ba. Na ji wani dattijo ya yi gyaran murya. Na ji an ce, "Wai mene ne wannan?" Sai na ji muryar Baffa, sautin nan nasa na maƙogwaro, da ƙarfi fiye da yadda na taɓa ji, da wani bugu kamar ana dukan tabarma da tafin hannu.

Na miƙe tsaye. Mahaifiyata ta riƙe bakin zanena. Kafin in taka, kukan ya tsaya.

Karatu ya ci gaba, sumul, babu abin da ke ratsa shi. Na koma na zauna. Fanka tana ta juyawa a sama. Aka shafa fatiha, aka fara rabon waina.

Da mutane suka ragu Hamma ya leƙo ya gaishe ni. Idanunsa sun yi ja, kwana biyu bai runtsa ba, shi ya yi wa gawar wanka, shi ya shiga kabari. Ya ce, "Amarya, wani akwati ne a ƙarƙashin teburin marigayi ya yi ta ƙara yana damun malamai. Na ɗaga zane na ga jan maɓalli, na danna, ya yi shiru. In agogo ne, ki sa a duba." Ya ƙara da cewa, "Baffa ya ba ni tausayi yau. Ina sunkuyawa ya fashe da kuka, yana ta dukan tabarma, yana nuna teburin. Ya tuna zamansu ne. Sai da muka rirriƙe shi."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hamma." Ban faɗa masa ba a ranar, ban kuma faɗa masa ba har ya bar duniya.

Madam ta iso da azahar, ɗauke da kwalin takarda a ka. Ta dubi fuskata, ta sauke kwalin a hankali. Wannan karon na roƙi Goggo a fili, na ce amanar marigayi ce, ta raka mu da kanta. Ba a riga an mayar da Baffa gida ba, yana nan jingine. Madam ta yaye zanen, ta mayar da fulogi, ta kunna akwatin, ta kunna fuskar, ta yi addu'arta a hankali, ta danna ƙaramar.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Farin rubutu a kan baƙi.

Ta kashe, ta jira, ta sake. Haka. A na uku ta janye hannunta ta rungume shi a ƙirji.

"Kar mu ƙara. Duk dannawa yana ƙara goge shi. Akwai wani mutum a Jos, yana buɗe irin wannan. Wani lokaci yana samu, wani lokaci in ya buɗe shi ke nan."

Goggo ta dube ni, ta dubi teburin, ta ce, "Ashe ba talabijin ba ne." Baffa yana kallon baƙin gilashin, inda babu abin da ake gani sai mu huɗu da hasken taga. Na durƙusa na sa masa goron da aka sayo masa a hannunsa mai lafiya. Ya riƙe, bai kai baki ba. Kafin in fita takaba ya rasu.

Da aka zo rabon kaya, babban allon da teburin suka tafi wajen dangi, batirin ya koma cikin wata mota, Madam ta ɗauki firintarta. Ƙaramar ba wanda ya nema, fasasshiya ce. Na naɗe ta a zanen Goggo na sa a ƙasan akwatina.

Na sayi littafi mai layi na fara rubuta abin da kunnena ya tsinta daga madafa. Na samu sunaye bakwai, biyu ban tabbatar da wa ya haifi wa ba. Na rubuta farar saniyar da ta tsaya a bakin kogi. Ban san ko ta ƙetare ba, shafin da na gani bai kai nan ba.

Sau biyu ina shirin Jos. Na farko har na kai tasha, jakar a cinyata, na tuna maganar Madam cewa in an buɗe ba a samu ba shi ke nan, na sauko kafin mota ta cika. Muddin tana rufe, shafi ɗari da goma sha huɗun suna iya kasancewa a ciki. 'Yarmu ta girma, ta sha cewa in ba ta ta kai inda suka fi mutumin Jos sani, ina cewa to, bari a ga bayan salla.

Wayar tana nan cikin farar ledarta, ban kwance ta ba. Ƙaramar kuma har yau ban kai ta an buɗe ba.